Hawainiya Ta Cika, Kuma Ba Laifin 'Yata Ba Ne

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kodayake in aka tona za a tarar fiye da rabinsa haushi ne, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, masu kawo mini ɗinki, da iyayen yaran kulob ɗin koyon kwamfuta, rasuwar ƙaramar kwamfutar gidanmu, irin 'yan mitsi-mitsin nan da ake kira netbuk, wadda aka fi sani da Hawainiya. Ta cika ranar Laraba da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a kan teburin da nake yankan yadi, tsakanin almakashi da gwangwanin maɓallai, bayan doguwar jinyar da ta fi galabaitar da masu jinya fiye da majinyaciyar.

Babu wanda ya san ranar haihuwarta. Da tsufanta ta zo mana, wata bakwai da suka wuce, a cikin baƙar leda, a hannun ƙanin maigidana wanda yara ke kira Baffa. A ofishinsu shi ake kira in takarda ta maƙale a injin buga takardu, saboda haka a danginmu duk abin da ke da waya a jikinsa, shi ne limaminsa. Ya ji cewa babbar 'yata, 'yar shekara goma, wadda babanta ke kira Injiniya, ta shiga kulob ɗin koyon rubuta manhaja a makarantarsu. Sai ya zo ya dire ledar a gabana kamar wanda ya kawo naman zaki.

Na ce, "Baffan yara, wannan 'yar abar za ta iya kuwa?"

Ya ce, "Matar yaya, kwantar da hankalinki. Gwanin gaske ko a kan kalkuleta sai ya rubuta manhaja. Furosesar wannan ba ta shan wuta ko kaɗan."

Na tambaye shi mece ce furosesa. Ya ce ƙwaƙwalwarta ce. Na ce to ƙwaƙwalwar da ba ta cin abinci, tunani nawa za ta yi a yini? Ya yi dariya har da dukan cinya, ya ce ku teloli ba ku san komai ba sai zare. Na yi shiru, don kyauta ce, kuma don na ga yadda yarinyata ta rungume ledar. Wannan shirun nawa shi ne abin da ya fi damuna a cikin wannan rashi.

An ce a faɗi alherin wanda ya tafi, to ga nata, ba zan rage mata ko ɗaya ba. Ba ta da nauyi, dutsen gugana ya fi ta. Batirinta yakan kai daga karin kumallo har rana ta yi sanyi ba ta nemi caja ba, kodayake wanda ba ya aiki ai ba ya gajiya. Da ita na buga wa hedimasta wasiƙa, ba ta yi gardama ba. Darussan farko na kulob ma ta yi su da mutuncinta: a haɗa lamba biyu, a sa sunanka ya fito sau goma, a sa kwamfuta ta tambaye ka shekarunka ta ce kai yaro ne ko babba. Ranar da sunana ya fito sau goma a sikirin ɗinta, na ajiye almakashi na yi tafi. Da a nan aka bar ta, da yau tana raye, da ni ma ina gaishe ta.

Ina da ɗan ƙaramin keken hannu da nake kalmasa bakin ɗankwali da shi. Yana yi tsaf. Amma ban taɓa tura masa tamfol ba, kuma duk wanda ya ce mini tela ta gaske ko da shi sai ta ɗinka rumfa, zan nuna masa ƙofa. Na san wannan a sana'ata. Abin da ban yi ba shi ne in yarda da sanina a sana'ar da ba tawa ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne a zango na biyu. Malamin kulob ya ce kowane yaro ya gina manhajar waya tasa ta kansa, a nuna wa iyaye a ƙarshen zango. Wasu suka zaɓi wasan mota, wasu na ƙwallo. Tawa ta ce ita za ta yi wadda za ta riƙa ajiye mini awon masu ɗinki, don sau biyu littafin awona yana ɓacewa, har na taɓa ɗinka wa wata baiwar Allah riga da awon ƙanwarta, ta zo gwaji ta shiga ta kasa fita. Yarinyar ta zauna da takarda ta jera: suna, tsawo, kafaɗa, ƙirji, hannu, wuya, ƙugu. Ta sa masa suna Awon Mama.

Abin da aka bayyana mini daga baya shi ne, gina manhajar waya na bukatar kwamfuta ta ɗauki kaya biyu a lokaci guda: babbar manhajar da ake rubutun a cikinta, da kuma wata wayar gwaji da ke fitowa a sikirin don ka ga abin da ka yi. Marigayiya ko ɗaya daga ciki aka aza mata, sai gwiwoyinta su fara rawa. Yarinyar takan danna maɓallin gwaji, wani ɗan zobe ya fara juyawa. In yanka riga, yana juyawa. In haɗa kafaɗu, yana juyawa. In shayar da ƙanwarta, in goya ta, ta yi barci, in sauke, in dawo, yana nan yana juyawa kamar mai neman ɗan kunnen da ya faɗi.

Waɗanda suka zauna da ita ba za su manta muryarta ba. Da farko "fiiiii", siriri, kamar sauro ya shiga kwalba. In abin ya yi nisa, "ƙrrr, ƙrrr". Daga nan sai "tiƙ", komai ya daskare, 'yar kibiyar da ke sikirin ma ta ƙi motsi. A wata bakwai, iyakar abin da ta faɗa mana ke nan, kuma a cikin ukun ba wanda ke nufin "na gama".

Ba za a ce ba mu yi jinya ba. Mun ɗora ta a kan ƙwaryar zare huɗu da suka ƙare, don iska ta shiga ƙarƙashinta. Na cire fankar da ke kaina a bakin keke na juya mata, ni ina ɗinki gumi na ɗiga a yadin mutane, ita tana shan iska kamar matar mai kuɗi. Kakar yara ta ce mu daina zuba mata ido, kunya take ji. Muka kawar da kai, ba ta fasa ba. Na kira Baffa, ya ce a rufe duk sauran abubuwan da ke buɗe.

Na ce, "Mun rufe, Baffan yara. Ƙofar ɗaki kaɗai ta rage."

Ya ce to haƙuri, ai haƙuri shi ne rabin ilimin kwamfuta.

Duk wannan da na yafe mata. Jinkiri ba zunubi ba ne, ni ma na sha ce wa mutum gobe alhali na san jibi ne. Abin da ba zan yafe ba shi ne wanda zan faɗa yanzu, kuma ina roƙon iyaye su karanta da kyau.

Malamin kulob yana da wata magana da yake maimaita wa yara: "Kwamfuta ba ta ƙarya. In ta ƙi, kai ne ka yi kuskure, koma ka duba." Yarinyata irin yaran nan ce da in malami ya ce rana daga yamma take fitowa, gobe sai ta leƙa yamma. Ta ɗauki maganar ta haɗiye. Duk sanda marigayiya ta ce "tiƙ", sai ta ɗauka abin da ta rubuta na ƙarshe ne ya kashe ta, sai ta cire shi. Ta cire ƙugu. Ta sake gwadawa, "tiƙ", ta cire wuya. Mako ya zagayo ta cire hannu. Ni ina nan a taku uku da ita, ina taka keke, ina ganin bayanta, ina jin daɗi wai 'yata na aiki. Ashe warwara take yi.

Ranar Litinin ta dawo daga makaranta, ta cire kayan makaranta ta ninke, ba ta ko kalli teburin ba. Ta ɗauko allura da wani ƙyalle ta zauna kusa da ƙafata.

"Mama, ki koya mini kalmasa."

"Aikin kulob fa?"

"Na bari."

"Wa ya taɓa ki?"

"Ba kowa. Mama, a kulob akwai masu kai, akwai marasa kai. Nasu yana tashi, nawa ba ya tashi. Na gane layina, ba sai an faɗa mini ba."

Ba kuka take yi ba. Da kuka ne, da na san yadda zan yi da shi. A natse ta faɗa, kamar mai ba ni awon hannunta. Ba na ƙin ta koyi kalmasa, da ita nake ci nake sha. Amma ba zan koya wa 'yata allura don ta gudu daga wani abu ba.

Na sa ta kunna kwamfutar, muka jira, ta nuna mini Awon Mama. Fili ne fari fat, da akwati ɗaya na rubuta suna. Riga ba hannu, ba wuya, ba jiki, sai lakabin mai ita. Na ce ina sauran? Ashe 'yar tela ce ta gaske, ba ta zubar da ƙyalle. Duk abin da ta cire, ta adana a wata jaka a cikin kwamfutar. Na karanta sunan da ta sa wa jakar: Kurakuraina. Guda goma sha tara ne a ciki.

Na kwana biyu ina juya abin. Ban san kod ba, wato rubutun da ake gina manhaja da shi, amma na san cewa in keke yana tsinka zare a kowane irin yadi, to ba yadin ne da laifi ba. Ranar Laraba na share teburin yanka, na ce ta mayar da komai, duk goma sha taran, kowanne a mazauninsa. Ta ce, Mama, ai za ta daskare. Na ce ta daskare, ina so in gani da idona. Ta mayar, ta danna.

Marigayiya ta yi "fiiiii" na minti ashirin. Ta shiga "ƙrrr, ƙrrr" har ƙwaryar zaren da ke ƙarƙashinta na rawa. Sai wani wari ya tashi, irin na dutsen guga da aka manta a kan leda. Wannan karon ko "tiƙ" ɗin ba ta samu ta ce ba. Sikirin ya yi baƙi, fankar cikinta ta yi shiru.

Yarinyata ta ɗora hannu biyu a ka ta ce, "Na kashe ta."

Saboda haka ina so a rubuta, a kuma shaida: ni na ba da umarnin. In akwai mai alhaki a wannan mutuwa, ni ce, kuma ban yi nadama ba.

Washegari bayan an tashi makaranta na goya ƙarama, na riƙe hannun babba, na sa gawar a ledar da ta zo ciki, muka nufi wurin mai gyara. Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Ya shinshina ta, ya kwance bayanta, ya girgiza kai. Ya tambayi aikin da take yi lokacin da ta cika. Yarinyar ta faɗa masa da murya ƙasa-ƙasa, kamar mai amsa laifi a gaban alƙali.

Ya ajiye sukudireba ya dube ni. "Hajiya, wa ya ce muku wannan za ta ɗauki wannan aikin?"

"Wani masani ne a dangi."

"Kowane dangi da nasu. Wannan an yi ta ne don karatu da buga wasiƙa. Ƙananan kod ma tana yi, ni kaina na koyi abubuwa a kan irinta. Amma manhajar waya? Akuya kuka ɗaura wa garma."

Ya zaro ma'ajiyarta, inda rubutun yake, ya ce wannan ba ta ƙone ba. Ya jona a babbar kwamfutarsa ta kan benci, ya ce, "Zo nan, ƙanwata, ke za ki danna." Ta ƙi. Na tura ta da gwiwa. Ta danna, ta rufe ido.

Ban gama gyara ɗaurin goyona ba abin ya fito. Suna, tsawo, kafaɗa, ƙirji, hannu, wuya, ƙugu, kowanne da akwatinsa, har da ɗan hoton almakashi a sama wanda ban ma san ta sa ba. Mai gyara ya sa awon kansa don gwaji, sai ƙugunsa ya fito a gurbin wuya. Ya ce, "Ni dai na san ina da wuya, amma bai kai inci arba'in ba." Yarinyar ta matso, ta duba, ta ce, "Au, na juya su ne," ta gyara kafin ya gama dariya. Kuskure ɗaya ke nan. A cikin goma sha tara da ta tara ta sa wa suna nata, ɗaya ne nata. Goma sha takwas na marigayiya ne, ta bar yarinya 'yar shekara goma ta ɗauka mata har mako shida, ba ta taɓa buɗe baki ta ce "ni ce ban iya ba".

Kafin mu tafi ya zuba manhajar a wayata. Na zaci an gama. Muna hanya ta ce, "Ƙila sa'a ce, Mama. Kwamfutarsa ce mai kyau."

Kun ji irin ɓarnar. Abin da aka ɗinka a zuciyar yaro na mako shida ba ya warwaruwa a minti ɗaya. Don haka yau da safe na rufe keke na tafi makaranta na nemi malamin kulob. Mutumin kirki ne, ban je da faɗa ba, kodayake na tafi da shi a jaka ko za a bukata. Na miƙa masa wayata, ya gwada, ya ce wa ya yi wannan? Na ce wadda ke layin marasa kai. Na ba shi labari tun daga ƙugu har hannu.

Ya ce, "Wallahi Maman Injiniya, da na ce kwamfuta ba ta ƙarya, ba kowace kwamfuta nake nufi ba."

Na ce, "Malam, ni da nake uwa sai jiya na gane haka. Ita da ba ta gama famfara ba kake so ta gane?"

Ya miƙo mini wayata. Sannan ya sa aka kira ta daga aji, ya faɗa mata a gabana cewa shi ne ya yi kuskure, ba ita ba, kuma daga Litinin babbar kwamfutar kulob tata ce kullum bayan an tashi, har ranar nuni. Ta dube shi, ta dube ni, ta koma aji. Ni ma ban matsa ba.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif a wuya, da baƙar ledar da ta zo ciki, da ƙwaryar zare huɗu waɗanda tuni suka koma bakin aikinsu a hannun ƙarama. Ta bar Baffa, wanda da aka gaya masa ya ce ai mu ne ba mu iya lallaɓa ta ba, kuma wai akwai wata irinta a ofishinsu da ba a amfani da ita. Ina sanar da shi a gaban jama'a, cikin girmamawa irin ta matar yaya, cewa hawainiyarsa ta kiyayi ramata. Ta kuma bar 'yan uwa masu yawa a gidajen mutane, 'yan ƙanana, masu kyan gani, marasa shan wuta, ana miƙa wa yara su da sunan taimako. Ban ce a zubar da su ba. A ba su wasiƙa su buga, a ba su darasin farko. Amma in yaronki ya fara shiru a gaban ɗaya daga cikinsu, kada ki tsaya kallon bayansa kamar yadda na yi. Zagayo ki ga fuskarsa, ki tambaye shi abin da ya cire.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da ƙarfe tara na safe. Za a tashi daga gidanmu zuwa shagon mai gyara, inda za a sa ta a kwandon da yake tara matattun irinta, bayan ya cire sukurori da duk abin da zai amfani masu rai. Ba a bukatar mota, leda ɗaya ta isa, kuma Baffa ne zai ɗauka tunda shi ya kawo. Ba za a yi jawabi a bakin kwando ba. Duk wanda ya ce "ai ta yi ƙoƙari", shi zai share shagon.

Zaman karɓar gaisuwa a ɗakin ɗinkina ne, daga dawowa har ƙarfe ɗaya. Akwai ruwan sanyi, kuma fanka ta dawo kan mutane. Ana roƙon masu zuwa kada su sa kaya masu kauri, ga dalili. Ɗazu da ta dawo daga makaranta na tambayi babbar mai makoki ko za ta yi wa marigayiya rakiya. Na same ta zaune a kan teburin yanka, wayata a cinyarta, tef ɗin awona rataye a wuyanta. Ta ce ba ta da lokaci, tana bukatar awon mutum talatin ta gwada manhajar da su kafin ranar nuni, kuma mutum nawa nake sa ran za su zo gaisuwa? Na ce in maƙwabta sun fito, za su kai.

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "To ki rubuta musu su zo da wuri. Kuma kowa ya tsaya a miƙe, ban da tsuke ciki."

Na rubuta.